Surukina da Jakin da Bai Taɓa Dawowa Shi Kaɗai Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Surukina ya riga mu komawa ana gab da karyar masara, da hantsi, yana kwance a ɗakinsa na kusa da zaure. Ƙofar a buɗe take, don tun da ciwo ya kwantar da shi ya hana a rufe ta, wai yana so ya riƙa hango turke.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ban taɓa faɗa ba yana da rai, ba kuwa zan fara ba don ya rufe ido. Baba nake ce masa, haka ma rabin ƙauyenmu da ke nan gefen Kakangi. Sauran rabin Mai Jakuna suke ce masa, wasu da girmamawa, wasu da 'yar dariya a ƙasan murya.

Kwanakin zaman makoki ina tsakar gida kusa da Inna, matarsa, muna amsa gaisuwar mata. Amma zanar da ta raba mu da maza ta tsufa, ni kuma Allah ya yi ni da kunne. Wani dattijo da ya tako tun daga Gayam ya ce, "Wallahi jakar da ya horar mini har ta tsufa ban taɓa ɗaga mata sanda ba." Wani kuma ya ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma fa akwai taurin kai. Ko zama da jakuna ne ya jawo, oho." Aka yi dariya, aka bi ta da istigfari. Inna ta ji, ta gyara lulluɓi, ta ce a hankali, "Bai yi masa ƙarya ba."

Ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Mama, ta zo da matan cocinsu. Ta gaishe ni da Gbagyi, yarenmu na Gwari, ta juya ta yi wa Inna gaisuwa da Hausa, sannan ta dafa kafaɗarta ta dama ta fashe da kuka. Mu can gidanmu a kafaɗa mata ke ɗaukar kaya, ba a ka ba. "Wannan kafaɗa shi ya hutar da ita," in ji ta. "Duk inda ya gamu da ni da itace sai ya ce, baiwar Allah sauke, ga mai ɗauka nan. Bai taɓa tambayar inda nake yin addu'a ba."

Akwai kuma wanda bai zo don Baba ba. Wani dillalin jakuna ne daga cikin gari, irin masu tara su a loda a mota a yi Kudu da su, kowa kuma ya san ba aiki ake kai su yi ba. Ya ɗaga hannu ya shafa fatiha, amma idonsa na kan turke. Ta ɓular zana na ga ya ja Auta gefe, ƙanin mijina ke nan, suna magana ƙasa-ƙasa, Auta yana gyaɗa kai.

Nan na gane abin da ya kawo shi. Mijina ya rasu shekarun baya a harin da 'yan bindiga suka kai a hanyar kasuwa, ya bar ni da yara. Abincinmu na shekara yana can gonar daji, ƙetaren rafi, tsaye a kan karansa. Babur ba ya zuwa can yanzu, don wanda ya shiga da shi a ƙasa yake dawowa, in ma ya dawo. Jakin da ya rage a gidan guda ne, Duna, wanda Baba ke cikin horarwa ciwo ya kama shi, kuma Duna bai taɓa ɗauko hatsi daga daji shi kaɗai ba. In aka sayar da shi, masarata ta zama ta birai da gara.

Sai an san yadda Baba yake horo za a gane abin da dillalin nan yake so ya loda a mota.

Mutane suna ɗauka horon jaki shi ne a ɗora masa akumari, wato matashin da ake shimfiɗa masa a baya, a rataya masa mangala, buhun nan mai aljihu biyu, a yi ta zabga masa sanda har ya gane. Baba yana da sanda, amma ta dogarawa ce. Ɗan jaki in ya rabu da nono, da hannu kawai yake fara masa. Ya shafa wuya, ya shafa ciki, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato ya ajiye, ya ɗaga ta gaba, yana yi yana masa hira. Farkon aurena na ji shi a bayan zana yana tambaya, "Ya gajiya? Ya ƙudaje suka bar ka jiya?" Na ɗauka baƙo aka yi, na durƙusa na kwashi gaisuwa har da tambayar iyali. Ashe da jaki yake. Inna ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, kuma shekara da shekaru in ta so tsokanata sai ta ce in je in gaida baƙon Baba.

Bayan hannu sai tsumma a baya, bayan tsumma sai akumari ba komai a kai. Daga nan sai tafiyar da ta sa ake masa dariya. Damina guda da rani guda ɗan jakin zai bi tsohuwar jakarsa, Aura, zuwa gonar daji ya dawo, babu ko kara ɗaya a bayansa. Kuma ba ta hanyar babura ba. Baba yana da tasa, wata tsohuwar hanya ta cikin kwari, ƙarƙashin doka da maje, wadda ke ƙetare rafi a wani mashigi mai duwatsu. In suka isa bakin ruwa ɗan jaki ya toge, Baba ba ya ja, ba ya turawa. Sai ya haye da Aura, ya samu gindin bishiya ya zauna yana ɓare gyaɗa. In ka tambaye shi sai ya ce, "Zai zo. Shawara yake yi." Wani lokaci shawarar nan takan kai rana tsaka.

A tafiya shi ne a gaba. A dawowa kuwa sai ya naɗe igiya a wuyan jakin ya koma baya can, jaki ya ja hanya. A gona ko ganye ba ya miƙa masa da hannu. Dusa da kanwa a gida suke, cikin wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, a ƙofar ɗakinsa. Jaki in ya iso nan zai tsaya. Baba ya kwance kaya, ya cire akumari, ya bi gadon bayan da tafin hannu tun daga kafaɗa har kwankwaso, yana neman inda ya yi zafi ko ya goge. Sai ya ce, "Sannu da hanya," sannan ya ajiye ƙwarya. Ko ruwa ake tsugawa ban taɓa ganin ya tsallake wannan ba.

Sai shekara ta zagayo yake fara ɗora yashi, kaɗan nan kaɗan can, ya tsaya ya ɗaga kowane ɓangare da hannu ya ji ko sun daidaita. Ya ce kayan da ya karkata ya fi mai nauyi cin bayan dabba. A hankali yake ƙara yashin har ya kai nauyin hatsi, kuma hanyar ma yakan ƙara mata tsawo, yau a hau tudu, gobe a ratsa taɓo. Namijin kuwa tun yana ƙarami ake dandaƙe shi, don kada wata rana ya ji kukan jaka ya manta da inda aka aike shi.

Wajen mahaifinsa ya koya, lokacin da suke kwaso kaɗanya da kalwa daga cikin dajin Kamuku. Tsohon yakan ce masa mutum yana iya faɗuwa a daji, amma ya kamata kaya su isa gida. Da can mutane suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Da daji ya lalace, sai aka ga amfaninsa. Mai bin jaki da kaya ba ya iya gudu, kuma daga nesa ake hango shi. Mu kuwa sai mu ɗora wa Aura, mu naɗe mata igiya, ta gangara kwari abinta, mu kuma mu bi 'yar hanyar kan duwatsu hannu rabbana. Mu iso gida, ita ma ta iso. Shekarun da gidaje da yawa suka bar hatsi a gona, rumbunmu bai taɓa zama wayam ba, kuma masu dariyar nan su ne suka riƙa zuwa aro.

Sau ɗaya na taɓa ɗaga wa Baba murya, kuma a kan Duna ne. Yana cikin shekararsa ta tafiya ba kaya. Mun cire gyaɗa, hadari ya taso baƙi ƙirin daga gabas. Aura ta ɗauki iyakar nata, ni na saɓa buhu a kafaɗa, babbar 'yata ta saɓa ƙarami, saura buhu ɗaya a ƙasa. Ga Duna nan tsaye, ƙato sumul, yana kaɗa kunne. Kunyar surukuta ta tafi ta bar ni.

Na ce, "Baba, don Allah ku dubi hadarin nan. Buhu ɗaya ne fa. Ga ƙato nan kullum yana cin dusa, ba ya tsinana wa kowa komai."

Ya ce, "Bai isa ba."

Na ce, "Baba, ni da na isa ai mutum ce."

Ya dube ni, ya dubi kafaɗata, ya ce, "Gaskiyarki." Na ɗauka na ci nasara. Sai na ga ya cire rawaninsa ya naɗe ya yi gammo, ya ce wa 'yata ta kama masa. Ya ɗora buhun nan a kansa, tsoho da shi, gemu fari fat. Na yi magiya ya sauke in dawo in ɗauka, ya yi kamar da bishiya nake.

Haka muka shigo gari, jaki a gaba yana taku ɗai-ɗai ba ko tsinke, mai shi a baya yana nishi. Kuma sai da muka bi ta gaban masallaci, daidai lokacin da ake jiran sallar la'asar. Wani abokin wasansa ya ɗaga murya, "Mai Jakuna, yau aiki ya juye ne? Wa ke horar da wa?" Baba bai ko tsaya ba, ya ce, "Nuna masa nake yi yadda ake ɗauka." Dariyar da aka yi ran nan har yau in na bi ta wurin sai na ji kunnena ya yi zafi.

Wuyansa ya sage, Inna ta yi ta murza masa man kaɗe tana faɗa. Ni ma na kumbura, tuwonsa na ranar kuwa yaji ya ɗan yi masa yawa, ba zan ce kuskure ba ne. Har gobe ina ganin buhu ɗaya ba zai kashe jaki ba, kuma da na kai masa ruwan zafi na faɗa masa haka. Ya ce, "Ba zai kashe shi ba, 'yata. Amma ga tsawa, ga gaggawa, ga nauyin da bai sani ba. Zai riƙe cewa hanyar kwari wurin wahala ce. Ni kuma so nake ya fara sanin cewa hanyar gida ce." Na ajiye masa ruwan na fita, ba don na yarda ba.

Rigimarsa da Auta ta fi tawa tsawo. Auta ya sayi babur, ya zo yana cewa zamanin jaki ya wuce, a sayar da su a huta da yankan ciyawa. Uba da ɗa suka daɗe gaisuwa kawai ke haɗa su. Wata safiya sai muka ji Baba ya ƙwala kira, "Auta, kawo injin nan naka." Auta ya taho da murna, ya ɗauka tsoho ya sauko za a kai shi unguwa. Baba ya nuna masa can bakin zaure ya ce ya tayar ya yi ta murɗawa, shi kuma ya tsaya kusa da Duna yana shafa masa wuya. Duna ya yi tsalle, ya kusa tsinke igiya. Kashegari aka sake, aka matso kusa. Wani lokaci har da dukan tsohuwar garwa. Auta ya gaji ya ce, "Baba, mai fa nake ƙonawa." Baba ya ce, "To ai ka ga yau babur ɗinka ya yi amfani." Ba a daina ba sai da Duna ya kai yana cin harawa, babur na kuka a gefen kunnensa, ko kai ba ya ɗagawa.

Babur ɗin nan a hanyar gona aka tare Auta aka ƙwace shi. Ya shigo gida da rana, ba takalmi, ƙafa duk ƙaya, bakinsa ya bushe. Duk muka zuba ido mu ji abin da Baba zai ce, don ya samu abin faɗa. Ya tashi da sandarsa, ya zaunar da shi a ƙofar ɗaki, ya bi kafaɗunsa da bayansa da hannu yana duba ko an doke shi. Ya ce, "Sannu da hanya," ya miƙa masa ruwa. Maganar babur ba ta sake fitowa daga bakinsa ba har ya bar duniya.

Ni kuwa abin da ya yi mini ba zan iya biya ba. Da na fita takabar mijina, 'yan'uwana suka zo tafiya da ni, don sun ce mace da yara ba za ta iya da gonar daji ba. Baba ya saurare su har suka gama. Ya ce, "In tana so ta tafi, ba mai riƙe ta. In tana so ta zauna, gonar ubansu tata ce da yaranta." Sannan ya juyo wajena, ya ce, "Ke kuma 'yar Gwari, kafaɗarki ba akumari ba ce. Aura na da ciki. Abin da ta haifa naki ne, zan horar miki da shi." Abin da ta haifa shi ne Duna. Wato ranar da nake masa faɗa a kan buhun gyaɗa, jakina yake karewa daga gaggawata. Na so tsohon nan kamar uban da ya haife ni, ban kuma taɓa samun bakin faɗa masa ba, don suruka ba ta faɗin irin wannan.

Aura ta mutu da daminar bana, tsufa ya cim mata. Duna ya riga ya gama shekararsa, ya ɗauki yashi har ya kai cikakken nauyi, Baba na biye da shi a baya. Abu ɗaya ya rage, sai ciwo ya zo. Ana saura kaɗan ya cika ya sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ki ɗora masa, ki daidaita, ki naɗe igiya, ki ce masa gida. Kada ki bi shi. In kika bi shi ranar farko, ke zai riƙa jira kullum."

Na ce, "Baba, in bai zo ba fa?"

Ya ce, "Zai zo."

Bayan sadakar bakwai Auta ya same ni ina shara. Ni da shi wasa muke yi tun ranar da aka kawo ni gidan, amma ran nan ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Yaya, na san Baba ya ba ki Duna, ba na ja. Amma ki bari a sayar a saya wa yara abin da ya samu. Jakin nan bai taɓa dawowa shi kaɗai ba. Na rasa yayana a hanya, ba zan rasa matarsa a gona ba." Idonsa ya kaɗa. Na gane ba kwaɗayi ba ne, tsoro ne, kuma ya fi ni sanin abin da yake tsoro.

Na ce, "Abin da dillalinka zai bayar ba zai kai mu bazara ba. Masarar can za ta kai mu kaka. Ka ba ni gobe. In Duna bai zo ba, ka yi gaskiya, kuma ba abin sayarwa ma. In ya zo, ka sallami mutuminka."

Ya ce zai raka mu. Na ce a'a, namiji a gona yanzu shi ke jawo ido, ya zauna ya jira a gida.

Da sassafe muka fita, ni da babbar 'yata da Mama, wadda ta ce ba za a yi wannan ba ita ba. Na ja Duna ta kwari, muka haye rafi, ruwa har gwiwa. Masara ta yi kyau, birai sun ɗan taɓa gefe ɗaya. Muka karya da sauri ba mai magana, muka cika mangala, na ɗaga wannan ɓangare na ɗaga wancan kamar yadda na sha ganin ana yi, na rage zangarniya biyu daga dama. Na naɗe igiya a wuyansa, na juya kansa wajen kwari, na ce, "Gida."

Ya tsaya. Ya kaɗa kunne, ya waiwayo yana duba bayansa, inda tsoho ya saba tsayawa. 'Yata ta ɗauki kara za ta zabga masa, na riƙe hannunta. Na ce mata, "Shawara yake yi." Bakina ne ya faɗa, amma ni kaina ban gaskata ba.

Muna nan sai muka ji ƙarar babura daga can bayan gonar maƙwabta, ba ɗaya ba, ba biyu ba. A dajin nan kowa ya san masu yawo da babura a jere. Mama ta damƙi zanena ta ce da Gbagyi mu gudu. Na waiwaya sau ɗaya kafin mu shige duwatsu. Ƙarar na ƙara matsowa, amma Duna ko zabura bai yi ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga ƙafa, ya fara gangarawa kwari da takunsa na kullum, har ganye ya rufe shi.

Mun iso gida kafin azahar, ƙaya ta yayyage mana zane. Duna bai iso ba, amma hanyar kwari ta fi tsawo, na san da haka. Aka yi azahar. Auta yana zaune a bakin zaure yana wasa lauje, laujen da ba abin da za a yanka da shi. Dillalin ma ya zo, wai wucewa yake ya tsaya a gaisa, ya samu tabarma ya zauna. Na ɗora tukunya na sauke, na share inda na riga na share. Tunanina yana kan mashigin nan mai duwatsu, inda Duna ya taɓa togewa rabin yini, ga shi yau babu Aura a ƙetare, babu mai ɓare gyaɗa a gindin bishiya. Inna tana ƙofar ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu.

Ana kiran la'asar na ji taku a bayan gida. Ba gaggawa a cikinsa. Duna ya shigo ta zaure, ƙafafu jiƙe da laka har sama, kaya daidai a bayansa, ko zangarniya ɗaya ba ta faɗi ba. Yara suka ɗauki ihu. Na miƙa hannu in kama igiya in kai shi rumbu, ya wuce ni. Ya wuce rumbun, ya wuce turkensa, ya je ƙofar ɗakin Baba, wadda ke rufe tun ranar da aka fitar da shi, ya tsaya. Na ja igiya, ya ƙi motsi. Ya sa hanci a jikin ƙyauren yana jira.

Ihun yara ya mutu. Inna ta ajiye carbi, ta ce, "Auta."

Auta ya yar da lauje ya taso. Ya kwance mangala, muka kama masa muka sauke. Ya cire akumari. Ya tsaya kaɗan, sannan ya ɗora tafin hannunsa a kafaɗar jakin, ya bi gadon bayan a hankali har kwankwaso, ya dawo ya sake bi. Inna ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar nan mai ɗinki, ashe tun da rana ta kwaɓa dusar da kanwa ta ajiye. Ta miƙa masa. Auta ya karɓa, ya ce, "Sannu da hanya." Ya ajiye ƙwarya, ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa. Ba wanda ya lura da lokacin da dillali ya naɗe tabarma ya tafi.

Sauran masarar Duna ne ya kwaso ta, ita muke ci yanzu, kuma Auta ne ke jiransa a ƙofar nan kullum.

Na rubuta wannan don jikokinsa su san wane ne kakansu, kada su tashi su ji labarin buhun gyaɗa kawai a bakin masu dariya. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sauke masa duk nauyin da ya ɗauka don wasu. Ya tafi shi kaɗai, ba wanda ya bi shi. Allah ya sa da ya isa ya iske ƙofa a buɗe, a ce masa sannu da hanya.